Fulogi Takwas

Shekara tara tana kwance a bayan gida,
ƙafafu huɗu a kan bulo,
kaji na ƙwai a kujerar direba.
Baba ya saye ta hannun wani bature mai haƙa rijiyar burtsatse
da zai koma ƙasarsu, ya rasa inda zai kai ta.
Dogon hanci, faɗin ƙirji, silinda takwas.
In ta yi gyaran murya a Ƙofar Marusa
mai shayin Ƙofar Ƙaura kan ce, Sada ya fito.

Ran Laraba na kwance fulogan,
na zuba su a tsohon kwanon sha,
na kai wa Rabe Kurma, garejin hanyar Jibiya.
Ba da kurumta aka haife shi ba,
injuna suka cinye masa kunne guda.

Ya ɗaga na farko ya nuna wa rana.
"Baƙi ƙirin, gindin tukunya. Mai ya fi ƙarfin wuta."
Ya ɗaga wani.
"Fari fat. Wannan zafi ya gasa shi.
Abin da muke nema launin ƙuli-ƙuli,
wanda aka tsame daidai lokaci."

Yaron shago ya sheƙo da kwali mai ƙyalli,
ɗan yayi, baki siriri kamar allura,
wai shekara biyar ba a waiwayarsa.
Rabe bai ko miƙa hannu ba.
"Tsohuwa ba ta cin tuwo da cokali.
Koma ka kawo na jan ƙarfe."

Sai na nuna masa lambar da Baba ya rubuta
da farin fenti a cikin murfin inji,
har yanzu ana ganin inda hannunsa ya zame.
Na ce irin wannan nake so, kar a sauya.

Ya daɗe yana kallona.
"Wannan mai sanyi ne. Na ubanka ne.
Mutumin da ke barin Katsina bayan asuba
ya iske koko da zafinsa a Funtuwa.
Injin da ke irin wannan gudu
fulogi mai saurin zubar da zafi yake so.
Kai hwa? Ina za ka da ita?"

Na lissafa a zuci.
Kai yara makaranta.
Kasuwa, in albashi ya shigo.
Gidan Inna ran Juma'a, da ledar lemo.
Ban taɓa taka totur ya taɓa ƙasa ba.

"To mai zafi za ka saya,
mai riƙe wutarsa a ciki
ya ƙone dauɗarsa da kansa.
Tafiyar sannu tana tara baƙi.
Ka sa na Sada, sati biyu ta fara tari."

Maganar ta zauna min a maƙoshi
kamar ƙwayar magani ba ruwa.
Na biya kuɗin takwas.

Ya auna ratar bakin kowanne da 'yar siririyar reza,
ya ɗan ƙwanƙwasa, ya sake aunawa.
Da yatsu ya fara ɗaurawa,
sufana sai a ƙarshe, ita ma ɗan juyi kaɗan.
"Mai matsewa da ƙarfi shi ke cinye zare."

Ta yi tari uku.
Ta tofar da hayaƙin shekara tara.
Sannan takwas ɗin suka haɗa baki,
kwanon rufin garejin ya hau rawa,
Rabe ya ɗora tafinsa a kan ƙarfe yana saurare.

Na taho gida a giya ta biyu.
Daidai Ƙofar Ƙaura wani dattijo ya miƙe zumbur,
kofi a hannu,
ya leƙo, ya ga ni ne,
ya koma ya zauna.

Lambar Baba ban goge ta ba.
Tawa na rubuta a ƙasanta, da allin yarana.